Warin Gawar Turawa

Abin da na rasa shi ne albasa buhu arba'in, ja, irin ta Aliero, da ƙyauren katako wanda ya girmi ɗiyata ta fari. Abin da na samu shi ne sana'ar da ko a mafarki ban taɓa riƙa ba, da ƙanen miji wanda yanzu ko tari na yi sai ya gyara zama. Ni ce Yalwa, matar marigayi Malam Kalilu ta bakin kasuwar Jega. Ban taɓa sallama ko tsintsiya a tayin farko ba, kuma wanga ciniki ma sai da na ja shi.

Malam ya rasu ya bar mini fadama guda da ɗakin albasa. Ɗakin nan da hannunshi ya gina shi a bakin hanya, dogo, da kafofin iska ta kowane gefe. Sama ya yi rudu, shimfiɗar kara bisa azara, inda ake baza albasa iska na ratsa ta sama da ƙasa. Ko jariri a ƙasarmu ya san halin albasa. Lokacin cira ta fi ƙasa arha, wanda ya iya haƙuri har ruwa ya sauka shi ke cin riba, kuma abu biyu ne ba ta yafewa, zafi da laima.

Shekarar da ta bi wadda anka yanke muna jihar Kabi, fadama ta yi kyau. Magaji dillali ya taso daga Aliero ya taya, na ce albarka. Ya ƙara, na ce albarka. Ya ce in ji tsoron Allah, na ce shi nake ji, shi ya sa ba zan zubar da gumin marayu ba. Niyyata in riƙe ta har tsakiyar damina in sayi injin ban ruwa, in huta da bin ƙofar mutane ina roƙon aro.

Ana nan sai ga Surajo, autan su Malam, ya dawo daga Ikko. Ya sauka da talabijin, da bidiyo, da ɗan injin wuta mai tari kamar tsohon mashayi, da buhun kaset, da baƙin gilashi wanda ko alwala zai yi sai an tuna mishi ya cire. Ya ce shi manajan silima ne a can. Direbobin da ke kai albasa Ikko sun ce lallai sun gan shi a ƙofar silima, da faranti, yana sayar da gyaɗa. Shi dai ya laƙaba wa kanshi suna, Zuciya Dutse.

Ya zauna a tsakar gidana ya shimfiɗa mini shiri. Fim ɗin Indiya da na 'yan dambe kowa na da su, shi na ban tsoro kaɗai zai riƙa nunawa. Sabuwar jiha tana son sabon abu. Daga Jega zai buɗe reshe a Aliero, sai Maiyama, kafin baɗi gwamna da kanshi zai aiko a tanadar mishi benci. Mai unguwa ya hana taron dare, don haka tsakanin azahar da la'asar za a yi. Abin da ya rage mishi ɗaki, kuma ga ƙasan ruduna ba kowa.

Ya ce ai ɗakin yayanshi ne, na ce yayanshi bai bar wasiyyar kyauta ba. Ya ce kashi ɗaya cikin goma na kuɗin ƙofa, na tashi na kama tankaɗe. Munka tsaya a ɗaya cikin uku, da kujerata a bakin ƙofa kyauta.

Na ce, "Sharaɗi guda, Surajo. Kada ka taɓa mini albasa."

Ya ce, "Yaya Yalwa, in hannuna ya taɓa ko ɓawo guda, Allah shi hana ni ganin baɗi."

Gaskiya bai taɓa ba. Da ma ya taɓa, da ya fi mini sauƙi.

Ranar farko ta faɗo ranar kasuwa. Ya sa anka yi shela cewa shiga naira ɗaya, kuma duk wanda ya kai ƙarshen fim bai gudu ba za a mai da mishi kuɗinshi. Ɗaki ya cika da 'yan dako da yaran mota da manoman Fagada da Birnin Malam. Haliru mahauci, mai tukuba a gefenmu, ya zauna gaba da goronshi. Gudiya mai nono ta aje ƙwaryarta ta zauna kusa da ni a bakin ƙofa.

Surajo ya tsaya ya yi jawabi. Ya ce wanga fim sabo ne fil, mai kala, a Ikko da anka nuna shi sai da mata uku sunka haihu, ciki har da wadda ba ta da ciki. Ya kunna. Shi ne kuma mai fassara. Baturiya ta buɗe baki ta yi magana mai tsawon wa'azi, Surajo ya ce cewa ta yi ina kwana.

Can sai matattu sunka fara fitowa daga kabari, suna jan ƙafa, hannuwa a miƙe. Sai wani tsoho daga Fagada ya ce wanga laifin masu haƙar kabari ne, ramin ko gwiwa bai kai ba. Haliru ya ce shekara ashirin yana yanka bai taɓa ganin jini irin wannan ba, zoɓo ne anka dama da koko. Wani ya tambaya ko mutanen nan ba su da maƙwabta, tun ɗazu yarinya ke kururuwa ba wanda ya leƙo ko da taɓarya. Gudiya ta ce ita abin da ya ɗaure mata kai, yarinya ta ji motsi a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, maimakon ta nufi gidan uwarta sai ta ɗauki kyandir ta sauka.

Da gawa ta biyo wani ƙato tana tafiya kamar jakin da anka yi wa lodin gero, Haliru ya ce, "Wanda wagga gawa ta kama, shi ya tsaya gaisuwa."

Anka yi ta dariya har fim ya ƙare. Ba wanda ya gudu. Sunka yi layi, Surajo ya mai da wa kowa nairarshi. Da ya juyo gare ni na miƙa hannu. Ya ce ai ba a samu komai ba. Na ce an samu, shi ya mayar, ni ban yi shela ba. Ya biya ni daga aljihunshi.

Kashegari ya janye maganar mai da kuɗi, bidiyo kuma ta cinye sabon kaset ta tofo zare. Dole ya lalubo wani tsohon kaset daga gindin buhu, yana ba mutane haƙuri, wai na zamanin da ne, fari da baƙi, na koyon kallo. Hoton ma sai yayyafi yake. Wani dattijo ne shi kaɗai a gidan da ya gada. Ba jini, ba kabari. Ƙofa ta buɗe da kanta, ya rufe. Ya zauna. Sai a ji ɗis, ɗis, wani abu na ɗiga daga sama. Ya ɗauki fitila ya duba, ba komai. Ya koma ya zauna. Ɗis.

Ba wanda ya yi sharhi. Haliru ya manta goro a kunci. Har fim ya ƙare ba a nuna muna abin da ke saman ɗakin ba, amma da anka fito rana tsaka kowa sai da ya waiga. Ni kaina na yi kwanaki ina jin ɗigar randata kamar da ni take magana.

Gudiya ce ta yanke hukunci tana ɗora ƙwarya a ka. Ta ce, "Na jiya sun nuna muna dodonsu, mun gan shi, mun raina shi. Wanga sun bar kowa ya zo da nashi daga gida."

Wani abu kuma na lura da shi daga kujerata. Duk sa'ad da ɗigar nan ta fara, sai Surajo ya tuna inji na son dubawa. Ya fita ya tsuguna gabanshi yana taɓa nan yana taɓa can, inji kuwa lafiyarshi lau. Na ce mishi ko injin ma tsoro yake ji. Ya ce mata ba su san ƙarfe ba.

Daga ranar gardama ta koma tukubar Haliru, tsohon fim ya fi ko sabo. Surajo ya ce fim da yawan gawa ake auna shi, wanda ba a kashe ko kaza ba ai zaman makoki ne. Ya ce mutanen Jega ba su ji tsoron sabon ba don haske ya yi yawa, a Ikko duhun silima ko hannunka ba ka gani. Ya fara rataya buhuna a kafofin iska lokacin kallo. Na ce da an tashi a sauke. Kullum la'asar sai na zagaya na gani da idona, na hau tsani na juya albasata, tana nan garau tana ƙyalli.

Sai ɗiyata Hidaya ta haihu a Maiyama, haihuwar fari, dole in je in zauna mata wankan jego. Na kira Surajo na maimaita mishi sharaɗi. Ya ce in tafi da zuciya ɗaya, Dutse na nan.

Abin da ya faru bayana, Haliru da Gudiya sunka ba ni shi daki-daki.

Ko ƙurar motata ba ta kwanta ba ya ce rataya buhu da saukewa aikin yara ne. Ya kwaɓa laka ya liƙe kafofin duka, ya shafe sumul. Duhu ya samu. Ɓawon albasa na faɗo wa mutane a ka yana ɓata musu kallo, sai ya ɗaure tabarmi ƙarƙashin rudu daga bango zuwa bango, da sanda ya tura, don kada ya karya rantsuwa. Zafin bazara ya taru da numfashin ƙarti hamsin, ɗaki ya koma tanda, wani ɗan dako ya some. Surajo ya ce ga maganin da ake yi a Ikko. Ya riƙa kwarara ruwa a daɓe safe da rana, ya jiƙa buhuna ya manna a bango. Anka yaba mishi, anka ce Dutse akwai kai.

Ba a daɗe ba wani wari ya fara sauka.

Nan ne Surajo ya nuna shi ɗan kasuwa ne. Ya tsaya gaban talabijin ya ce albishirinsu, wanga shi ne sabon yayi, kaset mai wari. In gawa ta fito a fim, hanci ma sai ya shaida. Ya ce a Najeriya duka wuri biyu ke da shi, Ikko da Jega. Shiga ta koma naira biyu.

Ku tuna waɗanda ke zaune a ɗakin nan. Manoman albasa ne, 'ya'yan manoman albasa, waɗanda in ɗaya ta ruɓe a cikin buhu ɗari za su nuna ta da hanci. Kowa ya ji, kowa ya sani, amma ba mai son a ce shi ne baƙauyen da bai san sabon yayi ba. Wani tsoho daga Jiga Makera ya yi ƙarfin hali ya ce shi dai warin nan kamar ya san shi.

Surajo ya ce, "Baba, ka taɓa shinshinar gawar Bature?"

Tsoho ya ce bai taɓa ba.

"To haka take."

Magana ta ƙare. Labari ya kai Aliero, ya kai ƙauyuka, mutane na zuwa a keke don su ji warin gawar Turawa. Ƙudaje sunka cika ɗaki, ya ce suna cikin kuɗin. Sabbin finafinan nan da ake yi wa dariya sunka fara kama mutane, ana fitowa ana amai, Surajo na bakin ƙofa yana cewa ai ya faɗa. Gudiya ta daina zama wurin don nononta, ta aiko mini saƙo ta bakin wani direba cewa in dawo. Direba ya isar da rabi, ya ce Gudiya na gaishe ni.

Girman kai ya hau Surajo. Ya fara kiran Haliru matsoraci a gaban masu sayen tsire. Haliru ya aje wuƙa ya ce shi dai ya lura da abu guda, Zuciya Dutse bai taɓa ganin ƙarshen fim ko ɗaya ba, kullum yana wurin inji. Anka yi ca. Anka ƙulla ranar kasuwa mai zuwa Surajo zai zauna gaba, tsakiyar ɗaki, a sa kwaɗo ta waje, mabuɗi a hannun Gudiya. In ya kai ƙarshe, cinyar rago tashi ce. In ya motsa, Haliru ya shiga kallo kyauta har abada. Surajo ya ce a kawo mai gawa ɗari. Haliru ya ce a'a, shi ke zaɓe, tsohon nan fari da baƙi, na koyon kallo.

A ranar kasuwar nan ne na baro Maiyama. Ruwa ya sauka, albasa ta yi tashin gwauron zabo, Magaji dillali bai iya jira ba ya biyo ni har gidan jego. Mota ɗaya munka shiga, muna ciniki tun daga tasha. Ya taya, albarka. Ya ƙara, albarka. Kafin mu shigo Jega ya kai inda nake so, har ina ganin injin ban ruwa a idona, amma na ce sai ya ga kaya, don na san in ya gani zai ƙara.

Muna sauka Magaji ya tsaya ya ɗaga hanci. Ya yi salati ya ce wani bawan Allah ya yi asara a unguwar nan. Na ce Allah sarki, wasu ba su iya ajiya ba.

Munka karyo kwana sai ga taro a ƙofar ɗakina, ga kwaɗo, ga Gudiya da mabuɗi ta toshe hanci da gyale. Na ɗaga kai na ga bango sumul, ba kafa ko ta shigar ƙadangare. Ban kai ga buɗe baki ba sai munka ji wata ƙara daga ciki, irin ta akuyar da ta ga wuƙa.

Haliru ya ce daidai lokacin dattijon fim ya zauna, ɗigar ta fara. Surajo na zaune ya dafe gwiwa, ya cire gilashi, leɓenshi na motsi. Fim ya ce ɗis. Sai wani abu mai sanyi, mai yauƙi, ya ɗigo mishi a ƙeya. Ya shafa, ya shinshina. Fim ya ce ɗis. Ƙeya ta ce ɗis. Dattijo ya ɗaga kai sama a hankali, Surajo ma ya ɗaga. Tabarmar da ta yi makonni tana shan ruwan ruɓa ta yi ciki kamar saniya, igiyarta ta tsinke daidai kanshi.

Mu a waje abin da munka gani, ƙyauren Malam ya taso da kwaɗonshi da ƙusoshinshi ya kwanta a hanya, wani baƙin abu ya taka shi ya wuce. Daga kai har ƙafa yauƙi ne da ɓawo, ƙudaje na bin shi kamar 'yan rakiyar ango. Yana gudu yana kuka.

"Yaya Kalilu ka yafe ni, ban taɓa ba, wallahi ban taɓa ba!"

Ya ratsa 'yan tumatir, ya ratsa 'yan gishiri, ya faɗa kara inda ake sayar da dabbobi, jakai sunka tsinke igiya. Bayanshi 'yan kallo sunka yi ta fitowa suna tari suna dariya, Haliru na ƙarshe, ya riƙe ciki, yana cewa a gaya wa Dutse inji na nan lafiya. A tasha anka same shi yana roƙon motar ko'ina ne, direbobi sun rufe gilashi. Tsohon nan na Jiga Makera ya zagaya shi ya shinshina, ya ce ashe dai Turawa albasa suke ci da yawa.

Ni ban yi dariya ba. Na hau tsani. Abin da na tsinta mai rai bai cika kwando uku ba. Magaji ya cire hula ya yi mini ta'aziyya kamar ranar Malam, sannan don hali ya taya kwandunan. Na ce albarka.

Kashegari munka hallara ƙofar mai unguwa. An wanke Surajo da toka da sabulun salo, duk da haka shi kaɗai ke zaune a tabarmarshi. Ya fara da cewa rantsuwarshi na nan, hannunshi bai taɓa albasa ba. Na ce wanda ya toshe wa mutum hanci da baki shi ma bai taɓa ranshi ba. Mai unguwa ya ce a bar wannan, a yi maganar biya.

Surajo ya ce zai ba ni rabin kuɗin ƙofa har shekara. Na ce wace ƙofa, tana kwance a hanya. Ya ce in ɗauki talabijin. Na ce albarka, gilashi ba ya ban ruwa. Ya ƙara bidiyo. Na kama ɗaurin zane zan tashi. Dattawa sunka ce in yi haƙuri, ɗan uwan mijina ne, na ce shi ya sa ban nufi kotu ba. Sai Surajo ya gyara murya ya ce akwai hanya mafi sauƙi, tun da gida ɗaya ne, shi ya yarda ya aure ni a rufe magana.

Na ce, "Asara ɗaya ta ishe ni a shekara."

Mai unguwa ya rufe baki da rawani, kafaɗunshi na rawa. Surajo ya sunkuyo ya ce a hankali zai ƙara mini agogonshi in dai zan daina ba da labarin. Na ce wanga ba na sayarwa ba ne, kasuwa duka ta samu kyauta.

Yau kayan suna zaurena. Da hantsi mata ke kallo, bargo guda a ƙofa ya isa, kuma tsohon nan fari da baƙi shi anka fi nema, har ya fara shuɗewa. Gudiya ke fassara, ba ta jin Turanci ko kalma, amma ta fi Surajo gaskiya. Da kuɗin kallon na sayi injin ban ruwa, sai dai wannan daga baya ne.

A ranar, sai da inuwa ta bar ƙofar mai unguwa kafin na ce na sallama. Na karɓi talabijin, da bidiyo, da inji, da buhun kaset duka, da sabon ƙyaure na katako ba na langa-langa ba. Surajo kuma ya buɗe kafofin Malam ɗaya bayan ɗaya da farcenshi. Sannan daga ranar da albasar baɗi ta hau rudu har ranar da na sayar, kullum tsakanin azahar da la'asar, Zuciya Dutse ya zauna daidai inda ta ɗigo mishi, da mafici a hannu, yana yi mata fifita.